FARANTI MAI ZURFI

Shafi na 14

Masu cewa shafin jiya ya yi kaɗan, wai na auna muku shi da dunƙulen hannu kamar shinkafar Injiniya, na ga saƙonku. Yau na ɗan ƙara muku cokali. Mun tsaya inda suga ya kayar da Injiniya a ofis, matarsa Malama ta baro shi kwance a asibiti, ta nufi gidan abincin da yake cin abincin rana. Ga ta nan, ita za ta ci gaba da bakinta.

*

Sha ɗaya da rabi na isa gidan abincin. Ba a fara cika ba. Rabin kujerun suna kife a kan tebura, wata mata tana goge ƙasa, fanka ɗaya tana juyawa a hankali kamar an tilasta mata.

Maganar likita ce ta kawo ni.

Da safe ta kira ni gefe ta ce, "Malama, wannan jinin ba na mai kiyaye abinci ba ne. Ko dai yana ci a ɓoye, ko kuma ana ba shi a ɓoye."

Na ce mata ba zai yiwu ba. Wata takwas ke nan muna bin zanen da ita da kanta ta yi mana a bayan takardar magani. Rabin faranti ganye. Kwata kifi ko kaza marar fata. Kwata shinkafa, kada ta wuce dunƙulen hannunsa. Miya a ƙaramin kwano a gefe, ruwa zalla, ba lemo. A gida ni nake aunawa. Na rana ne ya dame ni, don ofishinsa da nisa, dole a waje yake ci. Shi ya sa na rubuta komai a kati, na kai aka rufe shi da leda, na miƙa wa kukun gidan abincin hannu da hannu. Kullum kuma Injiniya sai ya turo mini hoton farantinsa kafin ya ci. Hotuna sama da ɗari da hamsin a wayata, babu ɗaya da ya kauce.

Na ce da matar da ke goge-goge ta kira mini kuku.

Ya fito yana goge hannu da tawul, dattijo ne mai farar hula, da tabon ƙuna a wuyan hannunsa. Yana ganina ya washe baki.

"Malama, yau da kanki? Ba waya?"

"Wace waya?"

"To, na ga jiya Litinin ba ki kira ba. Na ce ko lafiya."

Na girgiza kai.

"Malam, sau ɗaya na taɓa kiranka. Ranar da zan kawo maka kati."

Ya yi dariya kaɗan, irin ta wanda yake jiran a gama wasa. Da ya ga ban yi ba, sai ya ninke tawul ɗin.

"Ina Injiniya? Jiya bai zo ba, yau ma ga shi ban ga an kira an ce in ajiye masa tebur ba."

"Yana asibiti. Jiya ya faɗi a ofis. Na'urar awon suga ma ƙin nuna lamba ta yi, don tsabar hawan da ya yi."

Ya jawo kujera, na ɗauka ni zai ba. Shi ya zauna.

Can ya ce, "Zo ki gani."

Na bi shi kicin. Tukwane suna tafasa, masu aiki biyu suna yankan kabeji, ya ce su ɗan ba mu wuri. Katina yana nan manne a jikin bango, sama da wurin wanke hannu. Rubutuna ne, da jan biro irin wanda nake duba jarrabawar yara da shi. Sai dai an ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Wa ya soke shi?"

"Ni. Da umarninki."

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da faranti biyu, ya ajiye su a jere. Farare ne, faɗinsu ɗaya, bakinsu ɗaya.

"Daga sama, akwai bambanci?"

"Babu."

"Sa yatsa."

Na sa yatsa a na farko, nan da nan na taɓa ƙasa. Na sa a na biyu, yatsan ya shige har gaɓa biyu.

"Wata ɗaya na yi ina zuba masa a na farko," in ji shi. "Sai kika kira kika ce in koma wannan. In zuba shinkafa ludayi uku, in danne ta da bayan ludayi ta kwanta, in shimfiɗa ganye a kai, in bar ɗan ɓangare a buɗe daidai dunƙulen hannu. Saboda hoto."

"Saboda hoto."

"Haka kika ce. Miyarsa kuma in sa mata suga cokali biyu. Abin da ake zubawa a kan ganye, in haɗa shi da madara mai zaƙi."

Na dafa kanta. 

"Kai kuma ka yarda? Mutum mai ciwon suga?"

"Na yi musu, Malama. Kika ce likita ce ta canza, wai ya rame da yawa, sugansa sauka yake yi, ana tsoron ya suma a hanya. Kika ce hoton kuma don danginsa ne, su suka matsa a kan katin, ba kya son surutu. Shekara talatin ina girki. Mata da yawa suna zuwa su ce in rage wa miji gishiri, in rage mai, in raba masa abinci biyu in ƙulle rabi ya tafi da shi. Ban taɓa jin matar da ta ce a ƙara don cuta ba. Me zai sa in zarge ki?"

"Shi fa? Bai lura ba?"

"Ya lura. Satin farko ya tura cokali ya ji bai taɓa ƙasa ba, ya kira ni. Na ce Malama ce ta ce. Ya yi dariya ya ce, ashe ta sauko, to kar mu tayar da maganar kada ta canza ra'ayi."

Na tuna yadda yake dawowa gida da yamma yana hamma, ya ture ɗan abincin da na auna masa ya ce ya ƙoshi. Ni kuma har yabonsa nake yi a wurin abokan aikina, ina cewa cikinsa ya saba da kaɗan. Wandonsa ya matse shi, na ce maganin ne ke kumbura shi.

"Malam, ban taɓa kiranka na faɗi haka ba. Ko sau ɗaya."

Bai yi musu ba. Ya ciro wayarsa daga aljihun riga.

"Wayata tana naɗar kira da kanta. Saboda masu oda ne, wani ya ce kaza ya ce, alhali kifi ya ce. Ga na makon jiya."

Ya danna, ya ajiye ta a tsakanin farantan.

Aka ɗan yi shiru, sai numfashi. Sannan murya.

"Malam kuku, ina kwana. Ni ce matar Injiniya."

Muryata ce.

Ba kama ba. Ita ce. Yadda nake jan ƙarshen gaisuwa, yadda nake sauke murya in zan roƙi abu. Na taɓa maƙogwarona ban san na yi ba.

"Yana cinyewa dai ko? To madalla. Wannan satin ka ƙara rabin ludayi. Ka danne sosai. Kar ka ji tsoro, ni na sa ka."

Muryar kuku ta ce to, Malama.

"Allah ya yi maka albarka."

Kiran ya yanke.

Kuku yana kallona, ni ina kallon wayar. Tukunya ɗaya ta fara tafasowa tana zuba a kan wuta, babu wanda ya motsa.

"Sake sa ƙarshen."

Ya sake.

Allah ya yi maka albarka.

Ni ba zan sa wa dattijon da ya isa ya haife ni albarka ba. Na gode zan ce. Wannan maganar babba ce ga na ƙasa da ita. Kuma a wurin "albarka" harshen ya ɗan yi nauyi, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Ƙarfe nawa ake kiranka?"

"Sha ɗaya. Duk Litinin."

Sha ɗaya na Litinin ina aji, wayata tana kulle a durowar ofishin malamai.

"Nuna mini lambar."

Ya juyo da fuskar wayar. Ya ajiye ta da sunan Matar Injiniya 2.

Ban kai ƙarshen lambar ba na daina karantawa. Ita ce lamba ta farko da na taɓa haddacewa a rayuwata.

"Kin san ta?"

Na ɗauki jakata.

"Malama, kin san mai ita? Ki gaya mini, hannuna ne ya zuba abincin nan."

"Na san ta," na ce, na fita.

*

Lambar Innata ce.

Inna mahaifiyata, shekara biyu ke nan tana kwance a ɗakin baya na gidanmu. Tun ranar da ta zo mana ziyara aka tsince ta a ƙasan matakalar benenmu, ɓarin jikinta na dama ya mutu, bakinta ya karkace, ba ta sake furta kalma ba. Ko sunana. Idan tana son ruwa, ido take juyawa wajen kofi. Wayarta kuwa tun lokacin muka neme ta muka rasa, muka ce a asibiti ta faɗi.

Tun ina budurwa mutane ba sa bambance muryarmu a waya. Ƙannen Baba sun sha gaishe ni da "ina wuni, Yaya" kafin in ce ni ce.

A cikin mota ina ta ba kaina amsa. Wani ne ya tsinci wayar. Wani ne yake kwaikwayo. Matar da ko cokali ba ta iya riƙewa.

Amma a ɗakinta na zauna na rubuta katin nan. A ɗakinta nake duba littattafan yara kullum, ina yi ina ba ta labari, don likita ta ce a riƙa yi mata hira ko ba ta amsawa. Na karanta mata katin layi-layi. Lambar kuku ma a jikin kalandar ɗakinta na rubuta, don ranar ban sami takarda kusa ba.

Na tarar da mai jinya tana guga a falo.

"Malama, kin dawo da wuri. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Ranar Litinin da safe, kina fita?"

"Cefanen sati mana. Ke kika ce in riƙa zuwa in na gama yi wa Inna wanka. Awa ɗaya ne, kuma barci nake barinta tana yi."

"Ki tafi gida yau. Zan kula da ita."

Na jira sai da na ji ta ja ƙofar waje.

Ɗakin Inna yana nan yadda na bar shi. Labule a sauke rabi, rana ta shigo ta kwanta a kan ƙafafunta. Ƙamshin man zafi da hoda. Ƙaramin rediyonta a jone a bango kusa da kanta. Tana kwance a rigingine, idonta a kan silin, bakin a karkace, yawu kaɗan a gefensa.

"Inna, sannu."

Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na ji kunyar kaina. Na kusa juyawa. Sai na ciro wayata na danna lambar daga ka, na tsaya a tsakiyar ɗakin.

Ta shiga.

Ba ƙara aka yi ba. Wani ɗan gurnani ne, can ƙasa-ƙasa, kamar ƙwaro ya maƙale a cikin auduga. Daga cikin matashin da kanta yake kai.

Na bar shi yana yi. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

A na huɗu idon Inna ya sauko daga silin, a hankali, ya tsaya a kaina. Shekara biyu ban ga ta kalle ni haka ba. Kallon da take yi mini ne ina yarinya in na shigo ɗaki ba sallama.

Hannunta na hagu ya fito daga cikin bargo, ya ɗauki gefen zane, ya goge yawun bakinta.

"Kashe," ta ce. "Ki rufe ƙofa."

Wayar ta suɓuce daga hannuna ta faɗi kan kafet. Ban san yadda na isa ƙofar ba, na dai ji na tura ta. Na dawo na durƙusa a bakin gado.

"Inna... kina magana."

"Wata bakwai."

"Wata bakwai kina jina ina kuka a ɗakin nan, ina roƙon Allah ya buɗe miki baki?"

"Ina jinki."

Muryar a dushe take, tana jan wasu haruffa, amma babu kalmar da ta ɓace.

"Ke kike kiran kuku?"

"Ni ce."

Na fara nema mata uzuri da kaina, tun kafin ta nema. Na tuna Baba, yadda likitoci suka hana shi komai a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu yana roƙon shayi mai suga, Inna ta yi shekara tana cewa da ta sani da ta ba shi.

"Tausayinsa kika ji ko? Kin ga kamar ina horar da shi da yunwa. Inna, ba yunwa ba ce, magani ne. Abin da kika sa ake zuba masa shi ya kusa kashe shi jiya."

"Kusa?"

"Likita ta ce da an ƙara awa ɗaya..."

Ta lumshe ido. Na ɗauka nadama ce. Da ta buɗe, sai na ga ba ita ba ce.

"Ke 'yar nan, shekara goma sha ɗaya na yi jinyar ubanki da ciwon suga. Na san abin da ludayi uku yake yi. Ba don ya ƙoshi na sa a cika masa ba."



"Mijina ne, Inna. Uban jikokinki. Shi ya ce a kawo ki gidan nan. Shi yake ba ki magani da hannunsa duk safiya, don ni ina fita da wuri."

"Ɗaga katifa. Ta wajen bango."

"Inna..."

"Ɗaga."

Na zagaya na cusa hannu tsakanin katifa da bango. Na taɓo wani abu mai laushi, mai nauyi. Safar sanyi ce, ɗaya daga cikin waɗanda nake sa mata, an ƙulle bakinta. Na jawo, ƙullin ya kwance, abin da ke ciki ya zube a cinyata ya gangara ƙasa.

Ƙwayoyi. Ƙanana, shuɗaye, wasu sun narke rabi sun manne da juna. Sun fi ɗari biyu.

Ni nake karɓo maganin Inna daga asibiti. Fari ne da ruwan hoda. Babu shuɗi a ciki.

"Daga aljihunsa yake fito da ita," in ji Inna. "Bayan kin fita. In na haɗiye, sai in wuni kamar an danne ni da dutse. Ina jin komai, harshena ba ya ɗaguwa. Wata rana ta maƙale mini a kunci, bai lura ba, na tofar. Da yamma na ji yatsun ƙafata. Tun daga ranar nake ɓoye ta a ƙarƙashin harshe. Sati uku bayan nan na kira sunan Allah da bakina, ni kaɗai a ɗakin nan."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ke da ba kya iya ɓoye masa ko ciwon kai? Da daren ranar za ki tare shi da murna ki ce Inna ta yi magana. Da safe kuma ke ki tafi makaranta, ki bar ni da shi."

Gaskiya ta faɗa.

"Ba ni da ƙafa, ba ni da hannun dama. Waya ce kawai na tsinta a aljihun tsohuwar jakata da kika rataye mini a kan gado, cajar rediyo ta yi mata. Sai ke kuma kika zauna nan kika karanta mini abin da zai raya shi, layi-layi. Na juya shi."

"Inna, kisa ne wannan."

"Na sani. Na kuma san zan amsa a gaban Allah."

Na kalli ƙwayoyin da ke cinyata. Wannan mutumin nake auna wa shinkafa da dunƙulen hannunsa. Har hannun nake kamawa in dunƙule in gwada, yana dariya.

"Don me? Me kika yi masa da zai rufe miki baki?"

"Ba abin da na yi ba ne. Abin da na gani ne." Ta kamo wuyan hannuna da hagunta, riƙon ya fi ƙarfin da na zata. "Ranar da kuka tsince ni a ƙasan matakala, an ce miki jiri ne ya ɗebe ni. Ba jiri ba ne. Na hau sama ne in kai masa wayarsa da ya manta a falo, na tura ƙofar ɗakin karatunsa, sai na tarar..."

Ta tsaya.

Ni ma na ji. Makulli ne yake juyawa a ƙofar waje.

Mai jinya ba ta da makulli. Yara sai huɗu suke tashi.

Inna ta saki hannuna. A gabana idonta ya koma silin, bakinta ya karkace, hannun ya faɗi a kan bargo kamar ba shi ne ya riƙe ni yanzu ba.

Takun yana zuwa ta falo a hankali, mai shi yana jan ƙafa, yana dafa bango. Na fara tattara ƙwayoyin da hannu biyu, suna gudu, suna shigewa cikin kafet.

Takun ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ƙasan ƙofar na hango silifas ɗin asibiti.

"Malama," in ji Injiniya, muryarsa a kwance, ba fushi ko kaɗan. "Kuku ya kira ni yana ba ni haƙuri. Ya ce kin gane lambar."

Mariƙin ƙofar ya fara sauka.